Kukan Kuluwa a Hanyar Tafki

A wani daji mai yawan ƙirya da kanya, inda hanya ɗaya tak ke kaiwa tafki, akwai wata makaranta da ake kira Zauren Nazarin Halin Zama. Ba gini ba ne, gindin wata tsohuwar kuka ce, amma kada ka kuskura ka ce gindin kuka a gaban malamanta. Aikinsu shi ne gano dalilin da ya sa dabba ke yin abin da take yi in tana cikin 'yan uwanta: me ya sa zabi ke tashi gaba ɗaya da zarar ɗaya ta firgita, me ya sa biri ya fi ƙwarewa a hawa in ana kallonsa. Shugaban Zauren shi ne Malam Dila, wanda tun kaka da kakanni ake ce wa gidansu malaman daji, kuma bai taɓa barin kowa ya manta da hakan ba.

A cikin malaman akwai wata hawainiya mai suna Tabawa. Ita ce mai lura, kuma Allah ya yi ta don aikin. In ta hau reshe sai ta zama reshe, idonta ɗaya na kallon gabas, ɗaya na kallon yamma, ba abin da ke wuce ta. Ka'idar aikinta guda ce, Malam Dila ya sa ta haddace ta tun ranar da ta shigo: mai lura ba ta motsi, ba ta magana, ba ta sa hannu, ko sama da ƙasa za su haɗu. Tabawa na alfahari da cewa ba ta taɓa karya ta ba. Sai dai wanda sana'arsa ita ce kada a gan shi ba ya tara abokai, don haka duk faɗin dajin ƙawarta ɗaya ce, wata tsohuwar barewa da ake kira Kuluwa.

Kuluwa a ƙuruciyarta 'yar barkwanci ce, ita ke sa jama'a dariya a wurin biki. Da gudu ya fara ƙin ƙafafunta sai Zaure ya ɗauke ta aikin kwaikwayo. Kullum da safe takan biyo ta gindin bishiyar da Tabawa ke kwana, ta ɗaga kai ta ce, ga ki nan dai ina ganinki, sauko mu tafi. Ita kaɗai ce ke iya gano ta a cikin ganye, kuma Tabawa, da ya kamata hakan ya ɓata mata rai a matsayinta na gwana, daɗi take ji har cikin zuciyarta. Sai ta sauko ta maƙale a wuyan Kuluwa, su tafi suna hira, Kuluwa na kwaikwayon tafiyar Malam Dila har Tabawa ta kusa faɗowa don dariya.

Binciken da aka sa su a wannan shekarar shi ne a gano ko dabba na tsayawa ta taimaki wadda ta shiga uku. An zaɓi gindin wani marke, inda hanyar tafki ta ƙuntata. Kuluwa za ta kwanta ta miƙe ƙafa, ta yi kuka da kalmomin da Zaure ya tsara mata, ba ƙari ba ragi: wayyo ƙafata, jama'a a taimake ni. Tabawa na bisa marken tana lura da wanda ya tsaya da wanda ya wuce. Duk wanda ya gama taimako, sai Kuluwa ta miƙe tsaye ta gaya masa cewa gwaji ne na Zaure, ba abin da ya same ta, an gode.

Ai kuwa da aka fara, kowa tsayawa yake. Gafiya, wadda ake yi wa kirarin tsira da na bakinki, ta yar da gyaɗar da ke bakinta ta ruga neman ganyen magani. Zabi suka kewaye Kuluwa suna sannu, sannu, har suka hana ta jin kukan kanta. Goggo Bauna, da girmanta da zafin ranta, ta durƙusa a ƙasa aka ɗora mata Kuluwa a baya, ta kai ta har bakin ruwa tana taka ƙasa a hankali kada ta girgiza mai ciwo. Nan Kuluwa ta diro ta ce gwaji ne, tsuntsayen bakin tafki suka kwashe da dariya, Goggo Bauna ta juya ta tafi abinta. Har Kura ta tsaya wata rana, ko da yake malamai sun daɗe suna gardama a kan ma'anar tsayuwar tata.

Tabawa ta kai labari Zaure da murnarta, tana zaton za a yi farin ciki. Malam Dila ya saurara fuskarsa a murtuke, sannan ya gyara zama ya ce:

“'Yan uwana malamai, abin da kowa ya sani ba ilmi ba ne. In na haye kogi zuwa babban taron malaman dazuzzuka na ce na gano cewa dabbobi na da kirki, wa zai ɗago kai? Ko kakata ta san haka, kuma ba ta taɓa zama a Zaure ba. Wannan tsayawa da kuke gani ta sama-sama ce, kunya ce da ganin ido. Halin gaskiya yana ƙasa, sai an tona. Saboda haka a maimaita. A yi da safe, a yi da rana tsaka, a yi lokacin da jama'a ke da yawa, a yi lokacin da ƙishi ya fi tsanani. Amma kada a canza wuri, kada a canza kalma, don abin da aka canza ba ya gwaduwa. A yi ta yi har gaskiya ta gaji da ɓuya.”

Malamai suka gyaɗa kai gaba ɗaya. Da a ce akwai mai lura a bisa kukar nan, da ya samu abin kai wa taro, amma ba wanda ya taɓa tunanin a yi nazarin Zauren kansa.

Aka yi ta maimaitawa, damina ta wuce, kaka ta shigo. To, wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Gafiya ta fara wucewa da gyaɗarta a baki. Zabi suka koma zagayewa ta bayan marke. Iyaye suka riƙa jan 'ya'yansu suna cewa kada ku kalla, 'yan Zaure ne. Kuluwa ta ƙara ƙoƙari, don ita mai son aikinta ce, kukanta ya yi kyau har wani lokaci Tabawa kan ji tsikar jikinta ta tashi, amma duk kyan kukan ba wanda ke waiwaye. Malam Dila kuwa, abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Ya fara gwajin jawabinsa a gaban tururuwa.

Tabawa ta lura Kuluwa ta daina kwaikwayon tafiyar kowa a hanyar gida. Wata rana da yamma barewar ta gaya mata, murya ƙasa-ƙasa, cewa Goggo Bauna ba ta amsa gaisuwarta yanzu, kuma da ta je barkar haihuwa gidan Zomo sai aka tambaye ta ko murnar ma gwaji ce. Ta yi 'yar dariya da ta faɗa, amma labarin zuciya a tambayi fuska. Abin ya tsaya wa Tabawa a rai, har ta yi abin da ba ta saba ba, ta nemi izinin magana a Zaure.

Ta ce, “Allah ya gafarta Malam, ni mai lura ce, abin da na gani zan faɗa. Waɗanda ke wucewa yau su ne suka tsaya jiya. Ba halinsu muka tono ba, ina tsoron wani hali muka dasa musu. Mun ɗauki alherinsu mun mayar da shi abin dariya a bakin tafki, sannan mun zauna muna mamakin inda ya tafi. Ina roƙon a dakata, a je a ba jama'a haƙuri.”

Malam Dila ya yi murmushi irin na manya. Ya ce tsoro ba hujja ba ne, kuma mai lura da ta fara tausayin abin da take lura da shi ta fara lalacewa. Ya ce saura kaɗan a kammala, kuma hawainiyar wasu ta kiyayi ramar Zaure. Malamai suka yi dariyar da ake yi in shugaba ya yi barkwanci. Tabawa ta ji kunya ta rufe ta, jikinta ya rikiɗe ya koma launin ɓawon kuka, aka neme ta aka rasa, aka wuce zuwa magana ta gaba. Ta ji haushin kanta ƙwarai, amma washegari ta hau marke kamar kullum.

Abin da Zaure bai sani ba shi ne, akwai wani mai nazarin a dajin. Wani maharbi daga ƙauyen gefen daji ya lura cewa kullum akwai barewa da ke kwanciya a wuri ɗaya ba ta canzawa. Shi kuwa maharbi irin manazartan nan ne masu aiki da abin da suka gano. Ya haƙa ƙaramin rami a gindin marke, ya ɗana tarkon igiya, ya rufe da ganye, ya tafi abinsa da niyyar dawowa in rana ta yi sanyi, kamar yadda maharba ke yi.

Da hantsi Kuluwa ta ajiye Tabawa a reshe, ta taka zuwa wurin kwanciyarta. Tabawa ta ji wani ƙas, ta ga barewar ta faɗi ba irin faɗuwar da suka saba ba. Ta jira ta ji wayyo ƙafata, ba ta ji ba. Kuluwa na ta haki, tana jan ƙafa, igiya na ƙara zargewa tana cin fata. Da ta buɗe baki, wata 'yar siririyar murya ce ta fito, mara daɗin ji, ba tsari ba komai. Sunan Tabawa ta kira.

Masu zuwa tafki na ta wucewa. Wani ɗan zomo ya tsaya ya ce wa uwarsa akwai jini, uwar ta ja shi ta ce 'yan Zaure sun ci gaba, har jar ƙasa suke shafawa yanzu. Tabawa na bisa reshe, ido ɗaya a kan Kuluwa, ɗaya a kan rana, ta san in ta karkata maharbi zai zo da wuƙarsa. Ka'ida ta zo mata a rai, ba motsi, ba magana, ba sa hannu, kuma kada a ɓoye, sai da ta ɗan tsaya. Shekaru ne na horo, ba sa sakin mai su farat ɗaya. Sannan Kuluwa ta sake kiran sunanta, sai ta saki reshen.

Ta sauko da iyakar saurinta, wanda kowa ya san ba sauri ba ne. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu magana, amma ba su faɗe ta suna kallon ƙawarsu a tarko ba. Ta isa ta gwada igiyar da 'yan yatsunta, ko gezau. Ta fita tsakiyar hanya tana kira, jama'a wannan gaske ne, ku tsaya. Sai ga wata masifar: tsoro ya sa jikinta ya yi abin da ya saba, ya koma launin jar ƙasar hanya. Dabbobi suka ji murya ba su ga mai ita ba, suka ce to, yau kuma sabon salo aka fito da shi, suka ƙara sauri. Wani gwanki ya kusa take ta bai sani ba. Duk rayuwarta ta koyi ɓuya, yau tana neman a gan ta ta kasa, sai hawaye suka zubo mata.

Rana ta fara karkata sa'ad da ta hango Goggo Bauna tafe, ƙura na bin ta. Tabawa ta koma ta hau wani ƙaramin reshe da ya ranƙwafo kan hanya, ta jira, da baunar ta zo daidai sai ta rufe ido ta saki jiki. Ta faɗo tim a kan hancinta, ta ƙanƙame, ta juyo da idanunta biyu wuri ɗaya, abin da ba ta taɓa yi wa kowa ba. Goggo Bauna ta yi turus, ta hura hanci, ta tambaya wace mai ƙarar kwana ce wannan.

“Ni ce Tabawa, Goggo, ta Zaure. Ni ce nake bisa marke ranar da kika goya Kuluwa zuwa tafki. Na ga kin durƙusa, na ga yadda kike taka ƙasa a hankali, na ji dariyar da aka yi miki, kuma ban ce komai ba. Mun cuce ki. Ba ki yi wauta ba ranar, mu muka yi. Yau tarkon maharbi ne ya kama ta, kuma ba ni da kowa a duniya sai ita.”

“In wannan ma gwaji ne fa?”

“In gwaji ne ki ajiye ni ƙasa ki take ni, ba zan ɓuya ba.”

Goggo Bauna ta daɗe tana kallonta. Har yanzu akwai ciwon dariyar nan a ranta, ana gani. Can ta juya ta nufi gindin marke, ta sunkuya ta shinshina ƙafar Kuluwa, ta ji ƙarnin jini na gaske. Sai ta gitta jikinta ta tare hanya, ta kira Gafiya da sunanta.

Abin mamaki, ko kuwa ba abin mamaki ba, da aka ga babba ta tsaya sai kowa ya tsaya. Gafiya ta tofar da na bakinta ta kama gaigayar igiya. Zabi suka hau tudu suna gadin hanyar ƙauye. Uwar zomon nan ta dawo da ganye cike da baki, ta kasa haɗa ido da ɗanta. Kamar dama kowa jira yake wani ya fara, don wucewar da suke yi ba daɗinta suke ji ba. Igiya ta tsinke daidai lokacin da zabi suka fara kururuwar ga shi nan. Goggo Bauna ta sake durƙusawa, aka ɗora mata Kuluwa, Tabawa na maƙale a ƙahonta, suka shige cikin ƙirya. Maharbi ya iso ya tarar da guntun igiya da sawu iri-iri.

Kuluwa ta rayu, amma ƙafar ba ta koma daidai ba. Da Zaure ya zauna a kan lamarin, Malam Dila ya fara da jajantawa, kuma a yi masa adalci, ya ji ba daɗi. Sannan ya bayyana cewa abin da ya faru ranar ba zai shiga sakamako ba, tunda mai lura ta motsa, ta yi magana, ta sa hannu, gwajin ya lalace ta fuska uku. Sakamakon da aka samu a baya yana nan daram: dabba ba ta tsaya wa 'yar uwarta. Aka sallami Tabawa cikin girmamawa. Kuluwa kuwa aka aika mata cewa ƙofa a buɗe take in ta warke, don yanzu ɗingishinta ya fi na da gamsarwa. Ta aika da godiya, ta ce ta yi ritaya.

Tabawa ta koma da zama a wata kanya da ke inuwar makwancin Kuluwa. Da safe sukan tarar da ɗanyen ganye ko 'ya'yan kanya an ajiye a bakin wurin, ba su san wa ya kawo ba, Tabawa kuma ta koyi kau da idanunta duka biyu kada ta gani. Goggo Bauna takan biyo wani lokaci ta tsaya, ta ce wucewa take yi, ta daɗe ba ta wuce ba.

Wata rana suna shan hantsi Kuluwa ta tambaye ta yadda aka yi ta gane cewa na ranar gaske ne, alhali duk dajin bai gane ba.

Tabawa ta ce, “Ai ba ki iya ba ranar, Yaya. Tun da nake ganin wasanki ban taɓa ganin wanda ya kai shi muni ba.”

Kuluwa ta yi dariya har ƙafar ta motsa ta yi mata zafi, ta ce wayyo, suka sake fashewa da wata dariyar. Sannan ta kwantar da kanta kusa da reshen da ƙawarta take.

Shi kuwa Malam Dila ya je babban taro, ya gabatar da bincikensa, aka tafa masa ƙwarai, har malaman wasu dazuzzuka suka ce za su je su gwada a nasu hanyoyin tafkin. A hanyar dawowa kogi ya kawo, ruwa ya ja shi, yana ta kururuwa ba tsari. Wata dorina da ba ta san ko shi wane ne ba ta bar kiwonta ta tallabo shi, ta ajiye shi a gaɓa, ta koma ruwa tun bai gama tari ba. Malam ya karkaɗe jikinsa, ya duba sama ya duba ƙasa, ya tabbatar babu mai lura, sannan hankalinsa ya kwanta.